Inci Biyu, Inci Huɗu

Lahadi

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya kuma sanyin ɗakin gwajin nan naku da kika ce sai da rigar sanyi ake shiga ko da rana ta take? Mu nan duk lafiya lau. Umma tana gaishe ki. Baba ma na san yana gaishe ki, ko da yake bai faɗa ba, yana shago.

Kin ce kin daina kirana a wayar Umma, tunda ba abin da kike samu sai "eh" da "to". Kin ce in riƙa rubutowa a takarda ina ba direban bas ɗin da ke zuwa wajenku Litinin da Alhamis. To ga shi na rubuto. Ki yi haƙuri da rubutun, sau biyu na sake shi.

Hoton da kika saka min a cikin littafin lissafi ya iso. Na daɗe ina kallonsa. Baƙi ne ƙirin, sai zobba tara a jere da ake gani dishi-dishi. Na farko daga hagu shi kaɗai ne yake haske kamar an kunna masa fitila, na biyu duhu, na uku yana da ɗan haske kaɗan, sauran babu komai. A bayansa kin rubuta "aikin wata goma sha huɗu", ba ki ƙara komai ba.

Na ɗauko rula na auna. Tazarar da ke tsakanin zobban ba ɗaya ba ce. Daga na farko zuwa na biyu akwai nisa, na biyu da na uku sun matsu, sai nisa, sai matsi, haka har ƙarshe. Na nuna wa Umma, ta ce wataƙila hannunki ne ya yi rawa. Ni ban yarda ba, domin sau huɗu abin ya maimaitu.

Tambayoyina biyu ne. Me ya sa hasken ya tsaya a zobe na farko bai wuce ba? Kuma da gangan kuka yi tazarar haka?

Akwai dalilin tambayar. Nan da mako uku za a yi baje kolin kimiyya a makarantarmu. Bara ni da abokiyar zamana a aji, wadda ake kira Rediyo, muka yi matatar ruwa. Ni na yi lissafin, ni na riƙe kwali, ita ta yi bayani. Ban ji haushi ba, ta fi ni iya magana nesa ba kusa ba. Bana ma ta ce mu sake. Amma tun da na ga hoton nan nake jin shi nake so in nuna, idan akwai yadda za a yi shi ba da injinanku ba. Idan babu, ba komai, zan riƙe kwali.

Ki huta lafiya.

Taki 'yar yayanki,
Tsit

*

Laraba

Tsit ɗina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ashe akwai mutum a cikin shirun nan. Shafi ɗaya da rabi. Na karanta a tsaye a tasha, har direban ya tambaye ni ko lafiya.

Ki gaya wa Ummanki hannuna bai taɓa zobban nan ba. Na gilashi ne, faɗin kowanne bai wuce kaurin gashin kanki ba, inji ne yake zana su. Mutum goma sha ɗaya na ba hoton nan a cikin dangi. Goma sun ce "masha Allah", ɗaya ta ɗauko rula.

Ga amsarki. Idan haske ya shiga zobe ɗaya, zagayawa yake yi a ciki. Idan akwai wani zobe a gefensa, sai ya riƙa tsallakawa can. Matsi yana sa ya tsallaka da sauri, nisa yana sa ya yi nawa. Da a ce tazarar duk ɗaya ce, hasken zai bi layin ya wuce har ƙarshe, ya bazu ko'ina.

Amma mun jera su biyu-biyu da gangan. Zobba biyu da suka matsu sukan zama kamar abu ɗaya, kuma launin hasken da suke karɓa sai ya sauya, ya ɗan hau ko ya ɗan sauka. Asalin launin ba mai karɓarsa kuma a tsakiyar layin. Wanda ya rage da shi sai na bakin layi, wanda bai samu abokin matsi ba. Idan muka aika wannan launin, nan zai zauna, don ba shi da wurin zuwa.

Abin da ya sa muka ba shi wata goma sha huɗu shi ne taurin kansa. Ko injin ya yi kuskure, wata tazarar ta ɗan ƙaru wata ta ɗan ragu, hasken ba ya barin wurinsa, muddin matsin yana nan matsi, nisan yana nan nisa. Tsarin jerin ne yake riƙe shi, ba kyawun aikin ba. Wannan fannin sunansa topoloji. Ki riƙe sunan don malaminku, amma abin da na faɗa miki shi ne ilimin.

Za ki iya yi ba da haske ba, da lilo. Ki samu siraran katako tara, ki rataye su a jikin doguwar sanda da ƙusa yadda kowanne zai yi lilo ta gefe, wajen maƙwabcinsa. A ƙasan kowanne ki manna maganaɗisu irin na ƙofar kabad, Yaya yana da su cike da gwangwani, na san wurin. Ki juya su yadda kowanne zai riƙa ture na kusa da shi. Ki kafa sanda ɗaya a tsaye a kowane gefe, hagu da dama, su ma ki manna musu ɗaya-ɗaya. Daga sandar hagu ki fara: inci biyu, inci huɗu, biyu, huɗu, har ki kai sandar dama. Za ki ga ɗan lilo na farko ya tsaya shi kaɗai, sauran takwas sun zama biyu-biyu. Ki taɓa na farkon a hankali ki gani.

Abu ɗaya ne ba ya ɗaukar wasa: tsawon katakon tara dole ya zama ɗaya. Amma 'yar kafinta nake gaya wa.

Ki gaida Ummanki. Ki gaida Yaya, ki ce masa ƙanwarsa tana raye.

Gwaggonki

*

Lahadi

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na gode da bayanin, na kwafe shi a bayan littafina, na kuma gane shi sai dai wurin launi, wanda sai da na karanta sau uku.

Gwaggo, an yi abin, amma akwai matsala, kuma laifina ne.

Ranar Juma'a waccan na samu doguwar sanda a cikin ragowar katakon shago. Na auna da rulata na sa alama da fensir, biyu, huɗu, biyu, huɗu. Ban rubuta lambobi ba, ɗigo kawai na yi. Na kai wa Baba yana goge ƙafar tebur. Na ce, "Baba, a huda min nan, a rataya katako tara masu tsawo ɗaya, da maganaɗisu a ƙasa suna ture juna." Ya ce, "Na mene ne?" Na ce, "Na makaranta ne." Ya ce, "To." Iyakar maganar ke nan. Kin ga inda na gado.

Na ɗauka aikin awa ɗaya ne. Ashe ya ajiye kabad ɗin wata mata ya koma kansa. Kwana uku. Umma ta ce ko abincin rana a shago yake ci, yana kallon abin yana taunawa.

Ranar Talata na dawo daga makaranta na tarar da shi a kan teburin falo an rufe da zane. Baba yana zaune a gefe, ya riga ya wanke hannu, abin da ba ya yi sai yamma. Ya ce in buɗe.

Ban taɓa mallakar abu mai kyau haka ba. Ya canza sandata da wata mai kauri, ya goge ta har tana ɗaukar ido, ya shafa mata mai. 'Yan lilon tara kamar daga uwa ɗaya suka fito. Ya zagaye bakin kowane rami don kada katako ya goga. Har ƙafafu ya yi masa, da ɗan maƙali na ɗauka a sama.

Sai na duba tazarar. Inci uku, inci uku, inci uku, daga wannan gefe har wancan.

Ya ga ina kallo sai ya ce, "Na ga alamunki sun ɗan karkace, shi ne na daidaita. Na auna jimlar, talatin ce, na raba goma. Ba komai ba ne, Uwata. Ni ma sai da na shekara biyu a hannun maigidana kafin idona ya zauna." Ya faɗa a hankali, don kada Umma ta ji daga kicin in ji kunya.

Na buɗe baki, Gwaggo, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne "na gode".

Sai ya fita ya kirawo mai walda da tela, maƙwabtan shagonsa, su zo su gani. Ya ce in taɓa. Na taɓa na farko. Motsin ya bi layin kamar ana miƙa saƙo hannu zuwa hannu, ya kai ƙarshe ya dawo. Tela ya ce, "Yarinyar nan injiniya ce." Mai walda ya ce, "Ai uban ne injiniyan, ita ta sa hannu kawai." Baba ya ce, "Ita ta kawo tsarin." Yana murmushi yana kallon ƙasa.

Ranar Alhamis na kai makaranta. Malamin Fiziks ya zagaya shi sau biyu ya ce ya yi kyau ƙwarai, zai nuna yadda igiyar motsi ke tafiya, kuma ba a taɓa kawo masa aiki mai tsafta haka ba. Rediyo ta ce ta fasa matatar ruwa, za ta zo ta yi min bayani. Kowa ya gamsu. Ni ce kawai na san ba shi ba ne.

Na yi tunanin in sake hudawa da kaina, amma injin hudar yana cikin akwatinsa mai kwaɗo, kuma ko na samu, zai ga ramukan. Na yi tunanin in bar shi haka. Har na fara rubuta kwalin igiyar motsi, na kai layi uku na ajiye.

Saura kwana tara. Roƙona shi ne ki kira shi a waya ki yi masa bayani. Ke ƙanwarsa ce, kuma ke ce mai ilimin. Ni ban taɓa ce wa Baba ya yi kuskure ba, balle a aikin katako, balle a wanda ya ajiye aikin mutane ya yi min.

Ina jiran amsarki a motar Alhamis.

Taki,
Tsit

*

Laraba

Tsit,

Gaisuwa. Ki yafe ni, sai da na yi dariya har abokin aikina ya leƙo daga bayan labule ya ce in daina girgiza tebur, yana awo. Inci uku. Yaya ke nan, bai canza ba.

Ba zan kira shi ba. Bari in gaya miki dalili, kada ki ce rowa ce.

Ina aji huɗu a firamare aka ce mu zana taswira da kogi a ciki. Na kwana biyu ina bin lanƙwasar kogin nan daga littafi. Na bar ta a kan tabarma na tafi aike. Kafin in dawo Yaya, wanda a lokacin ya fara koyon aiki, ya goge kogin ya sake ja da rula. Miƙaƙƙe sumul, kamar ƙafar kujera. Ya ce, "Na gyara miki, Auta." Maigidansa yana dukan yatsunsa da bayan zarto idan layi ya karkace, don haka a wurinsa alheri ya yi min, mafi girman da ya sani. Na ce na gode. Malama ta ba ni sifiri da jan biro. Shekara ashirin da shida ke nan, ban taɓa faɗa masa ba.

Saboda haka kada ki ɗauka na san yadda zai karɓa. Ban sani ba, ban gwada ba. Yana iya jin ciwo. Mutum ne da bai mallaki komai ba sai idonsa da tef ɗinsa na awo, kuma ya kira maƙwabta sun gani. Idan ni na kira, abin da zai ji shi ne 'yarsa ta kai ƙararsa wurin ƙanwarsa mai digiri. Wannan kam na tabbata zai yi masa zafi.

Hanya biyu ce. Ki nuna shi yadda yake, ki kira shi igiyar motsi. Ba ƙarya ba ce, abu ne mai kyau, kuma ba zan rage ki da komai ba. Sai dai kada ki manna hotona a gefensa, don ba abu ɗaya ba ne. Ko kuma ki faɗa masa da kanki. Idan bakin ya ƙi, ai na ga hannun yana aiki.

Ko wanne kika zaɓa, ki rubuto min.

Gwaggonki mai miƙaƙƙen kogi

*

Asabar

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Baba, ka yi haƙuri na rubuto maka takarda alhali muna gida ɗaya. Na gwada faɗa da baki sau uku a makon nan, ban iya ba.

Abin da ka yi min ya fi duk abin da na zata. Malaminmu ya ce ba a taɓa kawo masa aiki mai tsafta irinsa ba.

Amma alamun da na sa ba karkacewa suka yi ba. Da gangan na yi su, inci biyu da inci huɗu. Laifina ne da ban rubuta lambobi ba, ban kuma yi maka bayani ba da ka tambaye ni na mene ne. Abin da nake so in nuna shi ne aikin Gwaggo, wanda ke cikin hoton da na haɗo da takardar nan. Idan tazarar ta zama ɗaya, motsi yana wucewa. Idan ta zama biyu da huɗu, ya kamata ya tsaya a ɗan lilo na farko. Ban taɓa gani da idona ba, Gwaggo ce ta faɗa, kuma ina so in gani.

Idan zai yiwu a sake huda ramuka tara, ina roƙo. Na san zai ɓata fuskar katakon. Idan ba zai yiwu ba, zan kai shi yadda yake, kuma zan yi alfahari da shi.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka

*

Laraba

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Jiya aka yi baje kolin. Amma bari in fara daga Asabar, don kin ce kina son labari a jere.

Na rubuta wa Baba takarda kamar yadda kika nuna. Niyyata in saka ta a aljihun rigar aikinsa in gudu. Da na je shago bayan azahar rigar tana jikinsa, dole na miƙa masa hannu da hannu. Ya juya ta gaba da baya, ya shafa aljihun ƙirji, ya shafa na wando, ya ce, "Ban ga tabarau ba. Karanta min."

Na ce zan je gida in ɗauko. Ya ce, "Manne yana bushewa. Karanta."

Ya ci gaba da matse ƙafar kujera, ni kuma na tsaya a tsakanin tarin katako na fara. Mai walda yana yankan ƙarfe a gefe. Ina kai layi na biyu Baba ya ce, "Ban ji ba." Na sake. Ya ce, "Da wa kike magana, da takardar?" Sai na ɗaga murya. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Daidai inda na ce "ba karkacewa suka yi ba" injin mai walda ya tsaya, maganar ta fita ita kaɗai har bakin titi. Na ji kamar in shige cikin kabad ɗin matar nan in rufe. Amma na ƙarasa.

Baba ya ajiye kujerar. Ya goge hannu, ya karɓi hotonki, ya je bakin ƙofa inda haske yake, ya ɗora tef a kai. Ya daɗe. Ya ce, "Wa ya ce biyu da huɗu?" Na ce Gwaggo. Ya ce, "Auta ta san inci?" Sai ya ce in je in ɗauko abin.

Ya sa ni na sake sa alamun da kaina, yana tsaye. Da zai huda na farko ya riƙe injin ya dubi katakon nan da ya goge kwana uku, fuskarsa kamar mai shirin haɗiye magani mai ɗaci. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Eh." Ya ce, "Da ƙarfi." Na ce na tabbata. Ya huda.

Da muka mayar da 'yan lilon sababbin ramuka, abin ya yi muni, gaskiya. Kamar haƙoran da suka zube. Tela ya leƙo ya ce, "Wa ya ɓata muku?" Baba ya ce, "Mu ne. Matsa ka ba mu haske."

Na taɓa na farko a hankali.

Gwaggo, ya tsaya. Na farko yana ta lilo, na biyu kamar an ce masa kada ya motsa, na uku yana ɗan rawa kaɗan, sauran sun ɗan girgiza da farko suka yi shiru. Daidai da hotonki, har da duhun na biyu. Na tsaya ina kallon katako ina ganin haskenki.

Baba ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da maganaɗisun. Ya tsayar da shi ya taɓa da kansa. Ya sake. Na gaya masa abin da kika ce, cewa ko an ɗan kuskure tazara ba zai bar wurinsa ba. Ya ce, "Ƙarya ne." Ya ɗauki injin ya huda wani rami rabin inci daga inda na sa alama, da gangan, ya mayar da na biyar can. Ban taɓa ganin Baba ya huda rami a inda bai dace ba. Muka taɓa. Motsin yana nan a na farko. Ya ce, "Wannan abu ba ya jin magana." Amma dariya yake yi.

Na gaya masa kuma cewa da tsawon katakon bai zama ɗaya ba, da duk wannan bai yiwu ba, kuma wannan aikinsa ne. Ya ce, "To, ashe dai an bar min wani abu."

Na ɗauko garin katako da manne zan toshe tsofaffin ramukan. Ya ce in bari. Ya ce, "Idan ba ki nuna musu yana wucewa ba, ta yaya za su san tsayawar abin mamaki ce?" Ni ban yi wannan tunanin ba. Ke ma ba ki rubuto shi ba.

Haka na yi jiya. Na fara da inci uku, motsi ya wuce. Na cire ƙusoshi na mayar biyu da huɗu, ya tsaya. Sannan na nuna hotonki. Rediyo ce ta riƙe kwali. Ta yi alkawarin ba za ta ce komai ba, ta kuma cika kusan rabinsa. Muryata ta yi rawa a karo na farko da na biyu, daga na huɗu na daina ƙirgawa. Duk lokacin da ta fara sauka sai in tuna injin mai walda.

Wata malama daga cikin alƙalai ta ce, "Idan aka cire na farkon fa?" Na ce ban gwada ba, amma a ganina babu wanda zai rage shi kaɗai, don haka motsin zai bazu. Ta ce mu gani. Na cire, na taɓa na biyu, ya bazu. Ta rubuta wani abu a takardarta.

Na zo ta uku. Wasu 'yan aji shida da suka yi ƙararrawar gobara su suka zo na ɗaya, kuma sun cancanta, har shugaban makaranta sai da ya toshe kunne. An ba ni akwatin kayan lissafi. Baba bai shigo zauren ba, amma Umma ta ce ta gan shi a bakin taga da fensir a kunne.

Abu ɗaya kuma, ki yafe ni. Muna share shago ranar Asabar ya tambaye ni me ya sa ban faɗa tun ranar Talata ba. Ban san lokacin da na ce ai Gwaggo ma ba ta faɗi na kogi ba. Ya tsaya da tsintsiya a hannu. Sannan ya ci gaba da shara. Yau da safe ya ba ni wata takarda a naɗe ya ce in haɗa da tawa. Ban buɗe ba.

Ina da sabuwar tambaya game da ɗan lilo na uku, me ya sa yake tafiya hagu lokacin da na farko yake tafiya dama. Amma takardar ta cika.

Ki huta lafiya.

Taki,
Tsit

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, da fatan kina lafiya.

Yarinyar ta yi ƙoƙari. Daga taga ana jin ta. Tabarau yana aljihuna ranar Asabar, kada ki faɗa mata.

Zancen kogi. Na ga jan biron tun a ranar, littafin yana kan tabarma a buɗe. Na jira ki zo ki faɗa min, ba ki zo ba, ni kuma ban san ta inda zan fara ba. Ki yi haƙuri.

Hoton zobban nan ya yi ƙarami. Ki aiko da babba, zan rataye a shago. Tela yana ta tambaya, na gaji da nuna masa da yatsa. Ki rubuto tsawo da faɗi a inci, da lambobi.

Firam ɗin hoton zan yi shi daidai ta kowane gefe. Idan ba haka ake so ba, ki faɗa tun yanzu.

Yayanki